Zanen Yatsu

A ofishin katin ɗan ƙasa, can Adum,
yarinyar ta ce, "Baba, ɗora babban yatsa."
Na ɗora. Na'ura ta yi gum.
Na goga a riga, na sake ɗorawa.
Ta dubi gilashi, ta dube ni:
"Wai ba ta ga kowa ba."

Shekara ashirin da biyu ina kwaɓa siminti.
Rabin katangun Abowabo sun san tafin hannuna,
bene uku a Asawasi, masallaci guda,
har makewayin makarantar su Fuseina.
Duk suna nan tsaye.
Zanen yatsuna ne ya rushe.

Da ƙaiƙayi ya fara, a matsematsin yatsu,
'yan ƙuraje masu ruwa, jere kamar ƙwan kifi.
Na sosa. Daɗi kamar zunubi.
Sai fata ta yi kauri, ta bushe, ta dare
irin daben da aka yi wa rowar ruwa.
Kirci ne, in ji wannan.
Hannu aka sa maka, in ji wancan.
Na ce, wane hannu? Ga nawa dai.

Alwalar asuba ce mai bincikena:
ruwa ya bi tsaga ɗai-ɗai yana kiran sunanta.
Yajin waken Adiza, da nake siɗe yatsu a kansa,
yau da cokali nake ci,
kamar baƙo a gidan da na gina.
Ranar Juma'a mutum ya miƙo hannu,
ya gani, ya mai da shi ƙirji,
wai ladabi.
Na koyi riga shi.

Me ban shafa ba?
Man kaɗe daga Tamale, sabulun salo,
ganyen dogon yaro da ya tafasa har ya yi baƙi,
wani mai a kwalbar da ba rubutu,
sidi arba'in a Kejetiya,
mai shi ya rantse: kwana uku.
Kwana ukun kuwa ya cika alkawari.
Ran na huɗu ciwon ya dawo da ƙannensa.

A babban asibiti na ɗumama benci
tun hantsi har inuwa ta juya.
Likita Ofosuwa ta kama hannun.
Kamu na gaske,
ta juya shi a hankali kamar mai karatun wasiƙa.
Rabona da haka, ban ƙirga ba.
Ta manna mini 'yan faci a gadon baya,
ta ce kwana biyu kada ruwa ya taɓa.
Da aka ɓare, biyu sun yi ja:
siminti,
da robar safar da nake sawa don tsoron siminti.
Na yi dariya har nas ta leƙo.
Ashe ɓarawo da mai gadi ɗakinsu ɗaya.

Ta rubuta man safe, man dare, safar auduga,
ta ce ba ya tafiya, lallashinsa ake yi.
Sannan ta aje biro.
"Aikin fa?"
Na ce, "Likita, 'ya'ya huɗu."
Ta yi shiru. Na taya ta.

Yanzu igiya da ma'auni nake riƙewa,
ina nuna wa yaran Kwabena inda bulo ya karkace.
Cebur na kirana, ina kau da kai.
Kuɗin ya ragu. Tsagar ma ta ragu,
sai makon da ta ga dama
ta tashe ni ƙarfe biyun dare
ina goga tafi a bakin gado.

Bayan isha'i Fuseina ke shafa man.
Ba ta ƙyama, ƙirga take yi:
"Shekaranjiya tara, Baba. Yau shida.
Ta kan ɗan yatsan nan ce mai taurin kai."
Ta zura mini farar safa,
in kwanta hannu sama kamar mai ƙunshi.

Wata mai kamawa zan koma Adum.
Na hau tirotiro da wuri,
na ɗora yatsa a gilashin,
mu gani ko wannan karon
akwai mutum.