Wanne Cormac?

Shekara ashirin da biyu ina rabon wasiƙu
a wannan ƙauye na gaɓar Donegal,
keke ɗaya, jaka ɗaya, yayyafi kullum a ƙeyata.
Ranar Talata ambulan ya iso daga Boston,
rubutun yana rawa kamar hannun tsohuwa:
"Zuwa ga Cormac. Ya san dalili."
Ba sunan uba, ba lambar gida.

To, mu nan Cormac kamar duwatsun shinge ne,
ɗaga wannan ka tarar da wancan.

Na fara da Cormac mai jan gashi,
wanda ya tsamo masunta bakwai daga teku
daren da guguwa ta yaye rufin coci.
Har yau hotonsa na rataye a mashayar Sweeney.
Ya jujjuya ambulan, ya ce,
"Waɗanda na ceto duk suna nan garin,
kuma ko gaisuwa ƙyashinta suke."

Cormac mai goge, da aka taɓa ji a rediyon Dublin,
sanyin ƙashi ya murɗe masa yatsu.
Ya ƙyalƙyale da dariya. "Bríd, da yawa sun yi rawa,
ba wadda ta rubuto."

Cormac tsohon hedimasta ya gyara tabarau,
ya ce aya ta biyu ba ta zauna daidai ba,
ya miƙo mini abina.

Cormac ɗan tsere, mai kofuna tara, ya rasu bara.
Duk da haka na ɗan tsaya bakin kabarinsa.

Saura ɗaya, wanda ba a kawowa
in ana lissafin manyan takwarori:
Cormac na kan tudu, mai gyaran shingen dutse,
tumaki goma sha ɗaya da gurgun kare.
Ban taɓa kai masa komai ba sai takardar kuɗin wuta.

Ya goge hannu a wando.
Ya dubi rubutun nan
tsawon lokacin da buta ke ɗauka ta tafasa.
Bai buɗe ba.
Ya cire hula, ya sa wasiƙar ciki, ya mayar bisa kai.
"Ta daɗe," in ji shi,
ya sunkuya ya ɗauki wani dutse,
ya rasa inda zai aza shi.

Na gangaro, birki yana ta kuka.

Da dare a mashaya suka tare ni:
wanne ne? wanne ne?
Na ce adireshi bai cika ba,
na mayar Boston.