Mai Fito

Ƙarfe ɗaya na dare a Ƙofar Marusa.
Na ja ƙyauren shagon caji rabi,
wayoyi talatin suna shan wuta a bayana
kamar 'yan tsaki a bakin kasko.
Janareto yana tari,
ni kuma ina wata ƙasa da takobi a kafaɗa.

Wata huɗu ke nan ina wannan wasa.
Na kashe dodon gada, na sayi gida mai taga biyu
a garin da ba a taɓa ɗauke wa wuta ba.
Daren nan wani tsoho ya miƙo mini zobe,
allo ya rubuta: zaɓi wadda za ka aura.

Babu lefe, babu kawu mai binciken asali,
babu mai tambayar nawa nake samu a wata.
Su huɗu suna tsaye, suna numfashi iri ɗaya:
gimbiyar dutsen ƙanƙara,
'yar maƙera mai guduma,
maharbiya mai kunne kamar ganyen rake,
da wata mai karanta taurari da ba ta ƙifta ido.

Sagiru mai shayi ya gama wasan sau biyu.
Ya ce, ɗauki gimbiya, kada ka yi wauta,
ubanta yana ba da zinariya dubu biyar
da mikiyar hawa.
Sagiru, da ya shekara uku yana zance a Rafin Daɗi
bai iya furta kalma ɗaya ba.

Wasan yana da ƙofar da duniya ba ta da ita:
ka adana, ka gwada,
in bai yi ba ka koma jiya.
Sai na adana.
Na auri gimbiya. Kowace safiya gaisuwa guda,
ko na dawo jina-jina, ko na dawo da kan dodo.
Na koma jiya.
Na auri 'yar maƙera, takobina ya yi kaifi,
ita kuwa ba ta ɗaga kai daga maƙera ba.
Na koma jiya.
Kafin ƙarfe uku na yi aure huɗu
ban ɓata wa kowa rai ba,
kuma wannan ne ya fara damuna.

Ruwa ya sauko a kan kwanon shago.
Na bar su tsaye, na gangara kogi.

Akwai wata mai fito a can,
hularta ta kaba ta yage a gefe,
ko suna masu wasan ba su ba ta ba.
Kwabo biyu take karɓa.
Na ƙirga, na haye da ita ya fi sau sittin,
ranar da na rasa dokina ma ita ta maido ni.
Magana ɗaya gare ta:
zauna da kyau, ruwan nan ba ya son gaggawa.

Na tsaya gabanta da zobe a hannu.
Na danna. Zaɓi biyu ya fito:
haye, ko bari.
Na sake dannawa, na zagaya ta bayanta,
na cire sulke, na sa rigar salla,
haye, ko bari.

To.
Na mai da zoben jaka, kusa da busasshen nama
da mabuɗin wani kurkuku da na manta inda yake.
Na biya kwabo biyu.
Muna tsakiyar kogi fetur ya ƙare,
allon ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki.

Da asuba Malam Ɗan'asabe ya ƙwanƙwasa,
ya zo karɓar wayarsa mai tsagaggen gilashi.
Ya dube ni, ya ce, a nan ka kwana?
Na ce, a'a, ban dai ƙarasa hayewa ba.
Ya miƙo naira ɗari, ya ce Allah ya sawwaƙe.