Taron Haya

A Hull, bayan tashar jirgin ƙasa,
akwai wata tsohuwar silima mai warin danshi.
Ni ke yaga tikiti a ƙofa,
ni ke share gugguru in an watse.

Talata da rana ake sa na dā,
baƙi da fari, masu zane-zane kamar tsagar gado,
waɗanda aka tsamo daga dandalin wasa
aka kai gaban kyamara da dogon Turancinsu:
mutum ya hau, ya kumbura, ya fashe,
kowa na magana kamar mai barin wasiyya.

Mutum bakwai ne yau. Ta takwas Enid Pickersgill,
da sandarta, da jakar saƙa,
da shekara casa'in ba ɗaya.
Ta ja ni ta hannun riga:
"Tanimu, zauna nan, ka ga ƙuruciyata."

A majigin, ma'ajin gari ya saye masu gadi,
ya kwana bara, ya tashi da kambi.
Ga shi a saman bene, hannu a sama,
ƙasa kuma jama'a kamar an zazzage buhun gero.
"Can! Bayan mai kwando. Mai ɗankwali."
Kafin in ce ina, ta wuce.
Ƙiftawa biyu, shi ne rabonta a tarihi.

"Da hantsi aka ce mu yi masa shewa.
Muka yi har maƙogwaro ya bushe.
Aka ba mu shayi da burodi.
Da la'asar aka raba mana duwatsun kwali,
aka ce, to, ku jefe shi.
Muka jefa.
Sule goma sha biyar, har da shewar, har da jifan.
A fim, shekara tara ce tsakani.
A wurinmu, kofin shayi ɗaya."

Kambin ma, in ji ta, gwangwani ne,
yana sa masa ƙaiƙayi a goshi.
Haƙori ke damunsa ranar,
shi ya sa fushinsa ya yi kyau haka.
Sau goma sha ɗaya ya mutu
kafin mai ba da umarni ya yarda da faɗuwar,
ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa,
ya roƙe ta karan sigari.

Na yi dariya, sai dariyar ta maƙale.
Na ga Gusau, na ga gajeren wandona,
tutar takarda a hannu, rana a tsakar ka,
an jera mu bakin titi tun safe
don wani da bai sauke gilashin mota ba.
Ba a yi damina biyu ba
rediyo ya tashe mu da badujala da asuba.
Hedimasta ya hau kujera ya sauke hoto,
ya rataya wani.
Ƙusar kaɗai ba a taɓa tuɓewa ba.

A majigin an kai ƙarshe:
gawa a kan matakala, kambi na gangarawa,
wani sabo ya sunkuya zai ɗauka,
jama'a kuma sun fara gyara murya.

Aka kunna fitilu. Bakwai suka zama shida, suka zama babu.
Na riƙe mata hannu har bakin ƙofa,
yayyafi na wanke motocin haya.
Na ce, "Tsakani da Allah, wanne kika yi da zuciya ɗaya,
shewar ko jifan?"
Ta daɗe tana neman maɓallin kwat.
"Jifan," ta ce. "Ba don na tsane shi ba.
Takalmin da suka ba ni ya matse ni,
ina son a tashi in tafi gida."

Na koma na ɗauki tsintsiya.
Sama, a ɗakin na'ura, ana mayar da faifai baya:
gawa na miƙewa,
duwatsu na komawa hannun masu su.