A Dawo Mini da Kwanona

Mma Sakina ba ta bin kowa bashin tuwo,
bashin kwano take bi.
Daga Aboabo har gangaren Asawase
an san muryarta bayan la'asar:
"Ku ci ku ƙoshi, a dawo mini da kwanona!"
Langa goma sha biyu gare ta, ɗaya ta ɓantare a baki.
Da su ta ciyar da unguwa shekara talatin.

Ni 'yarta, ina ɗaki mai sanyi a jami'a,
idona a kan madubin ƙara girma,
ina leƙen tsutsar ƙuda.
Na shafa wa furotin ɗaya launin kore
don in ga inda yake kwana.

Ga shi can, ɗan dako.
A madafar ƙwayar halitta aka ɗora masa saƙo,
saƙo mai maiƙo, ba ya tafiya shi kaɗai.
Ya kai bakin ƙofa, ya sauke.
Saƙon ya bi maƙwabta gida gida:
ke, zama jijiya,
ke kuma gefen fiffike.

Shi ɗan dakon ba wanda ya ce masa sannu.
Ƙofa ta lanƙwasa ta haɗiye shi,
sai mararraba:
hagu juji ne, inda ake narka tsofaffi,
dama, hanyar gida.
Akwai masu tsayawa nan, su kama hannunsa,
su mai da shi madafa ya sake ɗauka.

Ran Talata na duba waɗanda muka cire wa masu tsayawar.
Tukunya cike, wuta na ci,
babu abin zubawa.
Koren duk ya tafi juji.
Ƙudan da suka fito, fiffikensu a yage
kamar bakin zanen da ɓera ya samu.

Na ɗaga kai, wuyana ya ƙage.
Kusa da littafina, ga langar nan mai ɓantaren baki.
Sati uku ke nan da Barikisu ta kawo mini ayoyo a ciki.
Mma ba ta aiko ba, ba ta kira ba,
abin da bai taɓa faruwa ba.

Na wanke ta da sabulun ɗakin gwaji,
na kashe fitila,
na tsaya bakin titi ana yayyafi
ina ɗaga wa motar Aboabo hannu,
kwanon a hammata.