Daren da Zare Ya Tsinke a Aboabo

Ƙarfe biyun dare waya ta tashe ni.
Katafila ta yi wa titin Aboabo yankan rago,
ta haɗa da jijiyar da muka binne bara,
rabin Kumasi ya kurumce.

Na tarar da Ofosu a cikin rami,
tocila a haƙori, laka har gwiwa.
Ya ce, da Hausarsa ta kasuwar Asafo:
"Gariba, yau ba barci."

Zare arba'in da takwas a bututu ɗaya,
kowanne siririn gilashi
kamar gashin da wanzami ke sharewa ranar suna.
Shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa,
na san jerinsu kamar sunayen ƙannena.
Kada shuɗi ya kama kore.
In ya kama, gaisuwar wata tsohuwa a Tafo
sai ta je tana sallama a ƙofar da ba tata ba.

Na feɗe rigarsa,
na goge shi da auduga,
na datse bakinsa daidai,
na kwantar da shi gaban ɗan'uwansa cikin na'ura.
Ƙyas! Ɗan tartsatsi.
Gilashi ya narke, ya manta an taɓa raba shi.
Ko numfashi sai na kau da kai,
ƙwayar ƙasa ɗaya dutse ce a wannan hanya.

Kakana Bawa da jakuna ya zo garin nan, neman goro.
Wasiƙarsa ta ajami a gefen huhu take tafiya,
ta kwana a Salaga, ta jira kwalekwale,
ta sha ruwan sama.
Labarin rasuwar uwarsa
wata huɗu ya yi a hanya.
Ya iso an daɗe da naɗe tabarmin makoki,
tuwon sadakar arba'in ya zama jiki.
Ya zauna bayan shago ya yi kukansa shi kaɗai,
ba mai ce masa ya haƙuri.

Ina tuna shi a zare na ashirin da bakwai,
yatsuna sun fara rawa.

An ce daga ƙarƙashin teku abin ke fitowa,
ya hau tudu a Ankara,
ya bi gefen kwalta ta Nkawkaw har ya zo hannuna.
Haske ne, in ji su.
Shekara tara ina ɗinke masa hanya
ban taɓa ganinsa ba.
An hana mu leƙawa: ba ya nuna kansa,
amma yana cin ido.

Kafin kiran assalatu
Iya Lantana mai koko ta aje tukunya a bakin ramin.
"Ku ne masu gyaran?
'Yata na naƙuda a Jamus tun magariba,
wayar nan ta yi mini shiru kamar dutsen niƙa."
Na ce saura tara, Iya.
Ta ce, "Tara me?"
Ban san yadda zan gaya mata ba.
Ta tsuguna ta riƙe mana fitila.

Takwas. Biyar.
Na huɗu ya ƙi, na karya na sake.
Ofosu na addu'a da Turanci, ni da abin da ya sawwaƙa.

Na rufe akwati, muka mai da ƙasa.
Ludayi na hannunta wayar ta yi kuka
daga ƙullin zane.
Koko ya zube a takalmina.
"Mace ce! Mace!"
Ta juya mana baya tana dariya da wata fuska a tafin hannu,
ta manta da mu sarai.

Haka ya kamata.

A allon talla na Kejetia
wani mai farin haƙori ne ke riƙe da saurin,
babu laka a rigarsa.
Ni na shiga turoturo da ƙosai uku a takarda
da tsinin gilashi a babban yatsa
wanda allura ba ta gani.
Datata ta ƙare tun shekaranjiya,
albashi sai ranar Juma'a.

Ta taga na hango direban katafila
yana wanke fuska da ruwan leda,
yana duban sauran titin.