Ka Ba Iska Baya

A watan da rafin Tamir ya daskare
Tsogo ya cika uku, ya ƙi fo.
Ƙafa ya sa masa, robar ta mirgina
har gindin murhu, ta kife.
"Na jarirai ne," in ji shi.
Ashe ya hango 'ya'yan Nyamdorj a bayan garke,
sun jeru su uku kamar turaku,
yana so ya zama na huɗu.

Ubansa na can Gobi, cikin ramin kwal,
sai ciyawa ta tsiro, in an ba shi hutu.
Ni kuwa me na sani?
Na iya tatsar goɗiya,
na iya karɓar haihuwar tunkiya da tsakar dare,
amma wannan karatu ban yi shi ba.

Sai surukina, tsoho Gombo,
ya ajiye kwanon shayinsa mai gishiri,
ya tashi kashi-kashi, gwiwa, kugu, sannan sauran jiki,
ya ce, "Zo nan, namiji."

Na leƙa ta bakin tanti.
Ga su can, dogo da gajere, a farin fili.
"Ba a rafi ba," in ji tsoho, "ruwa na kowa ne.
Ba kuma inda doki ke sa baki ba."
Ya lashi yatsa, ya ɗaga sama.
"Sannan ka tambayi iska ta ina ta fito,
ka ba ta baya.
Ba a gardama da ita."

Yaro bai ji wannan ba,
yana fama da wando uku da igiyar riga.
Da ya saki,
iska ta mayar masa da kayansa,
rabi a cinya, rabi a takalmin kakansa.
Ya buɗe baki zai tsala ihu.
Gombo ya dubi takalmin, ya jinjina kai:
"Dama fatar ta bushe. Na gode."

Kwana tara ina wanki.
Wandunan da na shanya a igiya
sanyi ya sandarar da su, sun miƙe ƙyam,
sun riga mai su iya tsayuwa.

Ran na goma tsoho ya ɗauko busasshen kashin saniya,
ya dasa shi a kan dusar ƙanƙara, taki ɗaya gaba.
"Ga kyarkecin da ya ci mana ɗan akuya.
Harbe shi."
Tsogo ya ware ƙafa, ya turo ciki, ya ciji leɓe.
Tururi ya tashi.
Na ji ƙararsa kafin in gan shi:
"Inna! Inna! Na kashe shi!"
Ya ja ni da hannu, ƙullu na zuba daga yatsuna,
ya nuna min ɗan rami rawaya a cikin fari
kamar wanda ya haƙa rijiya.
Har kare ya zo ya shaida.

Daren nan barci bai ɗauke ni ba.
Na ji tsoho ya fita, ya daɗe.
Ta tsagar ƙofa na gan shi a hasken wata,
ya dafa turken doki,
yana jira, yana jira,
ƙafafun na rawa,
har ya haƙura ya durƙusa.
Na koma shimfiɗa kamar ban gani ba.
Da ya shigo, bokiti na nan kusa da gadonsa.
Bai tambayi wanda ya ajiye ba.

Da safe Tsogo ne ya riga kowa tashi.
Ya kama babban yatsan Gombo, suka fita a hankali,
ƙaramin na rage sauri saboda babban.
Na ji shi can, da muryar manya:
"Tsaya, Kaka.
Ka ba iska baya."