Harafin G

A Kirkcaldy, kan titin da ke gangarawa teku,
akwai gidan Ailsa, mai jar ƙofa.
Mijinta Lachlan, kafin ƙafafu su ƙi shi,
ya bi soket-soket yana cusa 'yan akwatuna,
ya murɗa kowanne zuwa harafin G.
Ya ce: "Wayar cikin bango ba wuta kaɗai take ɗauka ba,
tana kai saƙo, in ka iya yi mata raɗa."

Daga kan gado sai ya danna maɓalli,
butar shayi ta fara gunaguni a kicin,
fitilar matakala ta lumshe ido,
rediyo ya haɗiye sauran labarin ƙwallo.

A Nuwamba aka binne shi.
Ta jefa na'urar a aljihun tebur, ta rufe.

Kwana tara bayan nan, goma da kwata na dare,
fitilar gefen kujerarsa ta kama da kanta.
Ailsa ta tsaya cak, kofi a hannu.
Washegari ma haka,
har mako uku.

Mai gyaran wuta ya duba, ya murmusa:
"Sabon maƙwabcinki ne, Fergus.
Taransifoma ɗaya ke shayar da ku,
shi ma G ya zaɓa.
Fitilar garejinsa yake kunnawa,
saƙon ya tsallako katanga.
Aikin minti biyu ne, in mayar da ke H."

Ta dubi kujerar,
da ramin da bayansa ya bari a jikinta.
Ruwa na ƙwanƙwasa taga.

Ta ce: "Bar shi haka.
Nawa ne kuɗin zuwanka?"